Yadda Senna ya ci tsere tara a jere amma ya kusa rasa kambun Formula 3 na Birtaniya a 1983

Mutum ya ci tsere tara a jere a farkon kaka, babu wanda ya iya riƙe shi ko sau ɗaya, sannan a zo ranar tsere na ƙarshe a duba teburin maki a ga shi ne a baya da maki ɗaya. Wannan ba labarin ƙanzon kurege bane, abun da ya faru kenan da Ayrton Senna a gasar Formula 3 ta Birtaniya a 1983, kuma wanda ya kusa ƙwace masa kambun shine Martin Brundle, wannan dai da yanzu yake sharhin Formula 1 a talabijin yana yawo da makirufo tsakanin motoci kafin a tashi tsere. Yawancin masu bada labarin Senna suna wuce wannan shekarar da gudu, su ce ya ci kambu ya wuce Formula 1 shikenan, ni kuma a ganina idan mutum yana so ya gane yadda gasar tseren mota take aiki, me yasa gudu kaɗai baya bada kambu, to babu kakar da ta kai wannan bayani.

Bari mu fara da ita gasar kanta, don mutane da yawa Formula 1 kawai suka sani. Motocin nan masu kujera ɗaya, waɗanda tayoyinsu suke a waje kuma kan direba a buɗe, hawa-hawa ne. Yaro yana farawa daga ƙananan motocin kart, ya shiga Formula Ford, daga nan Formula 3, to a wancan zamanin wanda ya yi fice a Formula 3 yana iya tsallakawa kai tsaye zuwa Formula 1. Ƙasashe da dama suna da tasu gasar, Italiya da Faransa da Jamus duk suna yi, amma ta Birtaniya ita ce ake wa kallon babbar makaranta saboda yawancin ƙungiyoyin Formula 1 a Ingila suke, masu su suna iya shiga mota ranar Lahadi su je Silverstone su kalli yaran da idonsu. Jackie Stewart ya ci ta a 1964, Emerson Fittipaldi a 1969, Nelson Piquet a 1978, duk ukun nan daga baya sun zama zakarun duniya. Shi yasa yaran Birazil suke baro rana da dangi su zo su zauna cikin sanyin Ingila, hanyar kenan.

Abun da ya kamata a riƙe sosai shine motocin kusan iri ɗaya ne. Senna da Brundle duk Ralt RT3 suke tuƙawa, ƙirar Ron Tauranac, duk da injin Toyota mai lita 2 wanda kamfanin Novamotor na Italiya yake haɗawa, kuma tayar Avon kowa yake sawa a gasar Birtaniya. Sannan doka ta sa an matse hanyar da iska take shiga injin da wani ɗan ƙaramin rami, saboda haka ƙarfin injin baya wuce doki ɗari da sittin da wani abu komai kuɗinka. Kaga kenan babu wanda zai taka totur ya gudu ya bar mutane don motarsa ta fi ƙarfi. Inda ake samun bambanci shine a kwana, wa zai shiga kwana da gudu ya fita bai zubar da saurinsa ba, domin motar da ba ta da ƙarfi idan ka rage gudu fiye da kima sai ka daɗe kafin ka dawo da shi, kuma duk tsawon miƙaƙƙen titin da ke gaba kana biyan bashin wannan kuskuren. Ga kuma yadda aka ƙera ƙasan motar, iska tana bi ta ƙarƙashi tana tsotse ta zuwa kwalta, wanda ke sa ta manne a kwana, amma idan kana bin bayan wata motar daf da daf iskar da ke zuwa maka a hargitse take, gaban motarka sai ya riƙa zamewa. Shi yasa wuce mutum a Formula 3 yake da wahalar gaske, wanda ya tashi a gaba ya riga kowa shiga kwanar farko yawanci shi ke ci.

To Senna ya zo da shirinsa. An haife shi a São Paulo a 1960, gidansu akwai hali, ya ci Formula Ford 1600 a Ingila a 1981, ya koma gida kamar ya bar tsere, sai ya dawo a 1982 ya kwashe kambun Formula Ford 2000 na Birtaniya da na Turai. A ƙarshen wannan shekarar ya gwada Formula 3 sau ɗaya a Thruxton da ƙungiyar West Surrey Racing kuma ya ci. Mai ƙungiyar, Dick Bennetts ɗan New Zealand, injiniya ne mai tsananin kula da ƙananan abubuwa, shi ya ba Jonathan Palmer motar da ya ci kambu da ita a 1981. Kuɗi kuma akwai, bankin Banerj da kamfanin wandon jins na Pool daga Birazil suna bayansa.

Brundle labarinsa daban ne. Ɗan King's Lynn ne a yankin Norfolk, an haife shi 1959, babansa dillalin motoci, ya taso ne ta tseren motoci masu rufi ba ta kart ba. A 1982 ya yi Formula 3 da ƙungiyar David Price da kuɗin kamfanin mai na BP, ya ma ci tsere a ƙarshen kakar, amma da aka zo 1983 sai kujerar ta koma hannun Calvin Fish, aka bar shi ba mota ba kuɗi. Wanda ya ɗauke shi shine Eddie Jordan, mutumin Ireland da a lokacin ƙungiyarsa ƙarama ce, kullum cikin neman kuɗin da za a je tsere na gaba. Wato ɗaya ya shigo kakar yana lissafin wace ƙungiyar Formula 1 zai je, ɗayan yana lissafin ko za a iya kammala shekarar.

Daga watan Maris aka fara, Senna ya yi ta ci, Silverstone, Thruxton, Donington, ko ina aka je shi ne, har sau tara. Akwai wani abu da Brundle da kansa yake yawan bada labarinsa daga wannan lokacin, a Silverstone ana ruwa. Ya riga Senna tashi, yana gaba, suka nufi kwanar Stowe ya bi ta ciki inda kowa yake bi, sai kawai ya ga Senna ya zagaye shi ta waje, can gefen da ake ganin babu riƙo, ya fito gabansa. Aka tsayar da tseren saboda haɗari, da aka sake tashi Brundle yace bari shima ya gwada ta wajen, ya shiga sai ya tarar ruwa ya taru a wurin, motar ta kusa ƙwace masa, shi kuwa Senna a wannan karon ta ciki ya bi. Irin wannan abun ne yake karya wa abokin hamayya zuciya, ba wai an fi ka gudu kawai ba, mutumin kamar yana jin abun da kwalta take faɗa kafin kai ka gani.

Amma ga inda lissafi ya shigo, kuma nan ne nake ganin mutane basa tsayawa su duba. Tsarin makin shine na ɗaya 9, na biyu 6, na uku 4, sai 3, 2, 1, da ƙarin maki ɗaya ga wanda ya yi zagaye mafi sauri. A mafi yawan tseren nan tara da Senna ya ci, Brundle ne yake zuwa na biyu. To duk ranar da Senna ya ci Brundle ya bi masa, tazarar da ta ƙaru maki uku ne, ko huɗu idan ya haɗa da zagaye mafi sauri. Tara ɗin nan gaba ɗaya abun da suka tara masa bai fi maki talatin da 'yan kai ba. Amma ranar da Senna ya fasa mota ya tashi da sifili Brundle kuma ya ci, tara ko goma ne suke zubewa a yini ɗaya. Ma'ana faɗuwa ɗaya tana cinye nasara uku. Kamar ɗan kasuwa ne da yake samun ƙaramar riba kullum, sai rana ɗaya kaya su lalace masa a hanya ribar sati uku ta tafi. Don haka zuwa na biyun da Brundle yake ta yi, wanda a ido kamar shan kashi ne, shi ya riƙe shi a cikin gasar, bai taɓa bari tazarar ta yi nisan da ba za a iya kamowa ba.

Juyin ya fara ne a watan Yuni a Silverstone, ranar da aka haɗa tseren Birtaniya da na gasar Turai wuri ɗaya. Direba yana da zaɓi, ko ya tsaya kan tayar Avon ya nemi makin gida, ko ya shiga a matsayin ɗan gasar Turai ya sa taya mai laushi da ta fi riƙo amma ba zai samu makin Birtaniya ba. Dukansu biyu suka zaɓi na Turai, Brundle ya sa Yokohama ya ci tseren, Senna kuma a ƙoƙarin kamo shi ya yi waje ya bugi shinge. A teburin maki wannan ranar ba ta canza komai tsakaninsu ba, amma a cikin kai ta canza komai. Brundle ya gano ashe mutumin nan ana iya cin sa, Senna kuma ya gano akwai wanda zai iya shiga gabansa ya ƙi matsawa, kuma a lokacin gaskiya bai iya zama a bayan kowa ba.

Sati na gaba a Cadwell Park, wata siririyar hanya mai hawa da gangara a Lincolnshire, Senna ya ragargaza motarsa tun a gwajin neman wurin tashi, alhali yana cikin masu saurin ranar, babu abun da ya tilasta masa ƙara matsawa. Bai ma shiga tseren ba, Brundle ya kwashe maki. A Snetterton, wanda kusan gida ne ga Brundle don a Norfolk yake, Senna ya zo wucewa Brundle ya rufe ƙofa, suka gogi juna, Senna ya fita Brundle ya ci, aka yi zaman bincike ba a kama Brundle da laifi ba, kuma daga nan Senna ya fara jin cewa shi baƙo ne ana haɗe masa kai. Sai Oulton Park a watan Agusta, wanda shine mafi muni, Senna ya kutsa ta ciki a inda babu wuri, motarsa ta hau kan ta Brundle ta tsaya a samanta, tayar tana kusa da kan mutum. Duka biyun suka fita, Calvin Fish ya ci tseren, aka ci Senna tarar fam 200 aka kuma sa masa alama a lasisi.

Ni anan bana ɗaure wa Senna gindi ko kaɗan. Mutumin da ke da tazarar maki kamar tasa abun da ake so ya yi shine ya karɓi na biyu ya tafi gida da maki shida, asarar uku kawai. Da ya yi haka sau uku ko huɗu da an gama gasar tun kafin Oktoba. Dick Bennetts ya sha faɗin cewa ya yi ta ƙoƙarin fahimtar da shi wannan lissafin. Amma shi a wurinsa na biyu da na ƙarshe duk ɗaya ne, kuma wannan halin na kutsawa ya bar wa ɗayan zaɓi, ko ka matsa ko mu yi karo, shine dai aka sake gani bayan shekaru tsakaninsa da Alain Prost, abokin hamayyarsa a Formula 1, lokacin da suka yi karo a Suzuka ta Japan a 1990. Wanda ya kalli 1983 da kyau ba zai yi mamakin 1990 ba. Abun da ya bambanta shine Brundle tun a lokacin ya ƙi matsawa, yaro ne da ba shi da abun da zai rasa, in bai ci ba dama aikinsa ya ƙare.

Akwai kuma ɓangaren inji, wanda ba a cika magana a kai ba. Na ce injinan iri ɗaya ne, eh, amma wanda ke haɗa su yana ci gaba da gyare-gyare cikin shekara, kuma a gasar da doki biyu ko uku suke raba na ɗaya da na biyu wannan ba ƙaramin abu bane. Eddie Jordan, da iya bakinsa da iya cuku-cukunsa, ya samo wa Brundle sabon samfurin injin daga Novamotor, shi kuma ɓangaren Senna suna ta amfani da nasu ana gyara shi a Ingila, suna ganin Brundle yana tsere musu a miƙaƙƙen titi basu gane dalili ba da wuri. Kaga ƙungiyar da ba ta da kuɗi ita ta riga mai kuɗi samun kayan aiki, saboda mai ita ya san wanda zai kira da yadda zai yi magana. Wannan ma wani darasi ne game da gasar da ake cewa kowa motarsa ɗaya, ba a taɓa zama ɗaya ɗari bisa ɗari.

Kuma duk wannan farfaɗowar ta Brundle ta zo ne cikin makoki. A watan Agusta ƙungiyar Jordan ta je Ostiriya wani tsere, Brundle ya ci, a hanyar dawowa tirelar da ke ɗauke da motocin ta faɗa rami a kan dutse, babban makanikensu Rob Bowden ya rasu, motoci da kayan aiki suka lalace. Ƙaramar ƙungiya ce, mutanen da ke cikinta 'yan kaɗan ne masu ci tare su kwana a hanya tare, rasa mutum ɗaya a irin wannan wuri ba kamar a babban kamfani bane. Da ƙungiyar ta watse a lokacin babu wanda zai zarge su. Suka harhaɗa abun da za su iya suka koma, kuma a watan Satumba zuwa farkon Oktoba Brundle ya yi ta ci, Senna kuma ga karo ga matsalar inji, har aka wayi gari saura tsere ɗaya Brundle yana gaba da maki ɗaya.

Tsakanin nan da tseren ƙarshe Senna ya yi abun da ya nuna ɗayan fuskarsa, wadda ita ce ta sa ya zama abun da ya zama. Ya ɗauki injinsa ya sa a mota ya tuƙa da kansa har Italiya wurin Novamotor, ya tsaya aka sake haɗa masa shi a gabansa. A Thruxton ranar ƙarshe, cikin sanyin Oktoba, shi da Bennetts suka yi wata dabara, suka liƙe bakin na'urar da ke sanyaya man inji da tef domin man ya yi zafi da wuri, don inji yana bada cikakken ƙarfinsa ne idan mai ya kai zafin da ake so, su kuma sauran sai sun yi zagaye da dama kafin nasu ya kai. Sharaɗin shine idan zafin ya hau dole direba ya cire tef ɗin da hannunsa yana cikin gudu, in ba haka ba injin ya ƙone. Da lokacin ya yi hannunsa bai kai ba, sai da ya sassauta bel ɗinsa ya miƙa ya fizge shi, ga kwana tana tahowa, a Thruxton kuma wadda tana cikin hanyoyi mafi sauri a Ingila. Ya tashi a gaba, ya ci tseren ba tare da kowa ya matso shi ba, Davy Jones ɗan Amurka ya zo na biyu, Brundle na uku. Senna ya gama da maki 132 da nasara 12 cikin tsere 20, Brundle 123, don ba duk sakamakon kaka ake ƙirgawa ba, ana zubar da mafi muni, shi yasa na ukun nan bai ƙara masa komai ba. Bayan wata ɗaya ya je Macau ya ci tseren farko da aka yi a can da motocin Formula 3.

Maki tara ne tsakaninsu, daidai da nasara ɗaya. Kuma duka biyun sun shiga Formula 1 a 1984, Senna a ƙungiyar Toleman, Brundle a ƙungiyar Tyrrell, har McLaren ta gwada su rana ɗaya a Silverstone tare da direban Jamus Stefan Bellof. A rabin farkon 1984 ma ba za ka ce ga wanda zai yi nisa ba, Senna ya zo na biyu a Monaco cikin ruwa, Brundle ya zo na biyu a Detroit yana bin Piquet a wuya. Tsere na gaba a Dallas Brundle ya bugi bango a gwaji ya karya ƙafafunsa da idon sawu, raunin da ya hana shi taka birki da ƙafar hagu yadda ya kamata har ƙarshen aikinsa, sannan aka soke duk sakamakon Tyrrell na shekarar saboda saɓa dokar fasaha, na biyun nan na Detroit ya tafi. Senna ya wuce Lotus sannan McLaren, kambun duniya uku a 1988 da 1990 da 1991, nasara 41, kafin rasuwarsa a Imola ranar 1 ga Mayu 1994. Brundle ya yi tsere 158 a Formula 1 bai ci ko ɗaya ba, duk da ya zama zakaran duniya na motocin dogon zango da Jaguar a 1988, ya ci tseren awa 24 na Le Mans a 1990, kuma a 1992 ya zauna ƙungiya ɗaya da Michael Schumacher a Benetton bai ji kunya ba.

Bana cewa Brundle ya kai Senna, tara a jeren nan ba a mafarki aka yi su ba, kuma shi kansa Brundle bai taɓa da'awar haka ba. Abun da nake cewa shine wanda ya duba teburin Formula 1 ya ga 41 da sifili zai ɗauka tazarar da ke tsakaninsu kenan, alhali shekarar da aka basu mota iri ɗaya da taya iri ɗaya na tsawon tsere ashirin sai a ranar ƙarshe aka raba su. Eddie Jordan shima daga wannan kakar sunansa ya fara fita, ya kai ƙungiyarsa Formula 1 a 1991, Bennetts kuma ya sake cin kambun da Mauricio Gugelmin a 1985, Mika Häkkinen a 1990 da Rubens Barrichello a 1991. Ita gasar ta asali an rufe ta bayan kakar 2014, motoci sun yi tsada, yara sun koma gasar Turai, wadda ake yi yanzu a Ingila a wannan matakin sunanta GB3.